Gyambon Haladu Mai Gyaran Koma

A wani ƙauye da ke bakin Gulbin Zamfara, tafiyar awa biyu a ƙasa daga Gummi, akwai wani mutum da ake ce wa Haladu mai gyaran koma. Ba da wannan suna ya tashi ba. A da masunci ne kamar ubansa, dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda idan ya tsaya a goshin kwalekwale ya watsa birgi, komar jifa, sai ka ga ya buɗe kamar faifai kafin ya taɓa ruwa. Da damina ya noma shinkafa a fadama, ruwa ya ja baya ya koma kamun kifi. Yana da mata, Zaliha, da 'ya ɗaya, Asma. Haka ya rayu har ya ba shekara arba'in baya, ba wanda ya taɓa jin ya kwanta ciwo.

Shekara ɗaya bayan an ba Zamfara jiha, wata safiya yana zazzage koma, sai wani kurungu ya fantsalo ya soke shi da ƙaya a ƙwaurin hagu, sama kaɗan da idon sawu. Ya zare ƙayar, ya yi wa kifin dariya, ya koma ruwa. Wurin ya kumbura, ya fashe, ya yi kamar zai warke, ya sake buɗewa. Kafin damina biyu ya zama gyambo, faɗin tafin hannu.

Ba abin da ba a zuba masa ba. Kowa a garin ya san miki sai ya bushe yake warkewa, saboda haka aka yi ta neman abin da zai busar da shi. An barbaɗa garin kafso, an sa toka, an sa sassaƙe iri-iri. Wani Bafillace ya kawo man shanu da aka dafa da saiwa. Wani direba ya rantse da baƙin mai. Haladu ya shanya ƙafar a rana har fatar gefe ta tsage. Gyambon ya kan yi ɓawo, a ce Alhamdu lillahi, bayan kwana uku ɓawon ya ɗaga, ruwa ya ci gaba da tsatsa a ƙarƙashi.

Ruwan gulbi ya gagare shi, sai ya koma gyaran komar mutane. A shekara ta uku Zaliha ta yi zazzaɓin kwana tara ta rasu. Bayanta aka kai Asma ɗakin miji a Adabka, inda hanya ba ta barin mutum ya zo gaisuwa sai da dalili. Gidan ya rage daga shi sai kaji.

Masallaci kuwa ba wanda ya kore shi. Wata azahar ce ta bazara, an tsaya sahu, sai ya ji na damansa ya ɗan matsa. Na hagunsa ya ja bakin rawani ya rufe hanci, a hankali, don kada a gani. Haladu ya gani. Ya idar da sallarsa, ya ɗauki takalmansa, bai sake komawa ba. Daga ranar ya mai da gindin tsamiyar bayan gidansa wurin zama, wurin aiki, wurin salla. Kullum akwai kaskon ƙaiƙayin shinkafa yana hayaƙi a gefensa saboda ƙudaje. Masunta kan rataye komarsu a jikin danga su ɗaga murya daga nesa.

"Haladu, ga ta nan, ta yage wajen gindi!"

"To, ka dawo jibi."

Wata rana iyakar maganar da zai yi ke nan, in ban da ta yayarsa Habsu, wadda ke kawo masa tuwo safe da yamma. Ita kaɗai ce ba ta jin nauyin gaya masa gaskiya.

"Wagga ƙahwa taka ta hi ƙarhin hayaƙi, ɗan Inna. Ko kajinka sun hwara ƙaura."

"Su tahi, Yaya. Dama ba ƙwai suke ba ni ba."

Sau ɗaya ta matsa masa ya je Gummi. Likitan da ya gani ya duba, ya ce sai dai Sakkwato, ya rubuta masa takarda. Haladu ya san ma'anar wannan. Makau na unguwar gabas ya tafi can da ƙafa biyu, ya dawo da ɗaya da sanda. Ya ninke takardar ya cusa a jikin rufin ɗaki, bai sake ta da maganar ba.

A shekara ta tara da ciwon, Habsu ta je suna Gummi ta dawo da labari. Wai a wani ƙaramin asibiti akwai ma'aikaci, Mas'ud, ɗan Anka, wanda ya je kwas ya koyo sabuwar hanyar maganin gyambo. Ta ga matar da mijinta ya warke, da idonta. Kwana huɗu tana yi masa mita, a na biyar ya naɗe ƙafar cikin buhu, ya sami mai babur ɗin da ya yarda ya ɗauke shi.

Mas'ud siriri ne, mai tabarau, bai fi shekara talatin ba. Ya jawo 'yar kujera, ya shimfiɗa leda a cinyarsa, ya ɗora ƙafar a kai. Haladu ya yi ta kallon fuskarsa yana jiran ya ga an yamutsa hanci. Ba a yamutsa ba.

"Baba, me da me aka zuba a nan?"

"Ka tambayi abin da ba a zuba ba, Likita, shi ya hi saurin hwaɗi."

Mas'ud ya yi dariya. "Ni ba likita ba ne, malamin jinya ne."

"Wanda duk ya riƙa wagga ƙahwa da hannu biyu, likita ne."

Ya wanke mikin da ruwan gishiri, ya ɗebe matacciyar tsoka da ɗan almakashi. Sa'an nan ya ɗauko wata farar leda ya ɗora a kai, ya bi gefen gyambon da biro ya zana siffarsa, ya rubuta kwanan wata. Ya ce da wannan za su riƙa gane ko yana raguwa. Daga nan ya farke wata takarda ya fito da wani faci mai taushi, launin ƙosai, ya manna a kan mikin ya rufe shi ruf.

"Ka ruhe shi? To ta ina za shi sha iska ya bushe?"

"Ba ma so ya bushe, Baba. An daɗe ana wannan kuskure, har mu a asibiti. Sabuwar tsoka kamar irin shinkafa take, a danshi take kamawa. Ka taɓa yin dashe a kan tsandauri?"

Wannan magana ta shiga ran Haladu.

Mas'ud ya kawo bandeji mai talewa, ya fara naɗi tun daga tushen yatsu, ya bi tafin ƙafa da dunduniya, ya haura har ƙasan gwiwa, yana ja yana matsewa. Ya ce jini ne ke taruwa a ƙasa ya ƙi komawa sama, matsin shi zai riƙa kora shi. Ya maƙale bakin da fil.

"Sharaɗi ɗaya ne. Kada ka buɗe, kada ruwa ya taɓa, sai mako ya zagayo ka zo in buɗe da kaina. Facin nan wasu masu taimako suka kawo, ba shi da yawa. Na ware maka na mako goma sha biyu. In ciwon ya fara raguwa, zan san yadda zan nemo ƙari. In bai ragu ba, Baba, ba zan ɓoye maka ba, takardar Sakkwato zan rubuta."

"Na ji, Likita. Ba ni buɗewa."

Da gaske ya faɗa. Ya iso gida ana kiran la'asar, ya ɗauki buta ya tsuguna a gindin tsamiya. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa, fuska, damatsa, ya shafi kai da kunne, ya wanke ƙafar dama. Ya miƙa hannu ga ta hagu, sai ya tsaya. Fara fat, daga yatsu har gwiwa, ba inda ruwa zai sauka.

Duk shekarun nan tsummansa ƙwauri kawai yake rufewa, ƙafa tana waje, yana wanke ta har idon sawu kamar kowa. Bai taɓa bukatar sanin wani hukunci ba. Ya san taimama, amma ga buta cike, ga gulbi yana gani. Ya juya abin a ransa, ya ga ai Mas'ud ɗan Musulmi ne, da ya ce kada a buɗe ba salla yake nufi ba, wannan ko ba a faɗa ba an sani. Ya zare fil, ya warware bandejin yana naɗe shi a hannu kamar zaren koma. Ya wanke ƙafar tsaf. Ruwa ya ɗan gangara ya jiƙa bakin facin, ya danna shi da yatsa ya koma. Ya mayar da naɗin, layi bisa layi, har ya fi na Mas'ud kyan gani, sai dai ba matsi. Ya yi sallarsa hankali kwance.

Haka ya riƙa yi kullum. Da a masallaci yake alwala, da tun ranar farko wani ya ce masa, "Kai, mi kaka yi haka?" Amma a gindin tsamiya ba mai ganinsa sai kaji.

Ranar zuwa Gummi ta zame masa ranar salla. Tun da safe zai sa wankakkiyar riga. Mas'ud mai son hira ne, yana wanki yana tambaya: yaya ake gane inda giwan ruwa take kwance, me ya sa tarwaɗar fadama ta fi ta gulbi maiƙo. Haladu ya tarar ashe bakinsa bai manta da magana ba. Sai dai ledar ba ta ba su labari mai daɗi. Mas'ud zai ɗora sabuwar a kan tsohuwar, ya ɗaga su wajen taga, zanen ya hau kan zane, ba ragi. Mako na uku haka, na huɗu haka. Facin kuma kullum ya same shi a saɓule, bakinsa ya yi fari. Ya ce ko zufa ce. Ya daina dariya da wuri.

A mako na shida fil ɗin ya faɗi cikin rairayi ya ɓace. Haladu ya yanko zaren koma ya ɗaure bakin bandejin.

Mas'ud ya ɗora ƙafar a cinyarsa, ya tsaya yana kallon zaren.

"Baba, wa ya yi wannan ƙulli?"

"Ni. Ƙullin masunta ne, ba shi kwancewa."

"Ni da fil na maƙale."

"Ya ɓace mani lokacin da nike warwarewa."

"Warwarewa?" Mas'ud ya cire tabarau. "Sau nawa ka warware?"

"Wata rana biyar. In na riƙe alwala daga magariba zuwa lisha, huɗu."

"A mako?"

"A yini dai."

Haladu ya ga ran Mas'ud ya ɓaci, ya yi sauri ya ce, "Ban buɗe don wasa ba, Likita. Ƙaiƙayi ya so ya kashe ni, ban taɓa ba. Salla kaɗai."

Muryar saurayin ta sauka. "Laifina ne, Baba, da ban tambaye ka ba. Ai ba sai ka kwance ba. Jiƙa hannu ake yi a shafa a kan bandejin, ya wadatar."

"Wa ya ce?"

"Haka addini ya ce."

"Kai da bakinka ka ce mani malamin jinya kake." Haladu ya gyara zama. "Ɗana, ka yi haƙuri da ni. Ruwa ya tahi, mata ta tahi, jama'a ta tahi. Salla ta rage mani. Ƙahwa in anka yanke, na san abin da ni rasa. In na kai salla marar alwala gaban Ubangiji, mi za ni ce?"

Mas'ud bai yi gardama ba. Ya wanke, ya manna sabon faci, ya naɗe, ya matse. "To kada ka ɗauki tawa. Kuna da limami a garinku, je ka tambaye shi. Amma yau, Baba, kafin ka sake taɓa buta. Saura mako shida."

Gidan Liman Abdussalam bai fi taku ɗari uku daga tsamiyar Haladu ba, amma rabonsa da hanyar shekara shida. Ya sauka daga babur, ya shiga gida, ya zauna. Ya ɗauki buta, ya ajiye. Inuwa tana ta tsawo, la'asar na matsowa. Ya tuna fuskokin da zai tarar a zauren, ya ji gara a ce ya shiga gulbi da damina. Ya dubi ƙafar. Sa'an nan ya tashi.

Dattawa biyar ne a zauren, ana hirar kafin salla. Ya yi sallama, hira ta tsaya cak. Wani ya matsa gefe a kan tabarma. Haladu bai gane ba, wuri aka ba shi ko gudunsa aka yi. Ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Haladu? Kai ne, ko idona ya hwara yi mani ƙarya?" in ji Liman.

"Ni ne, Allah gafarta Malam."

"Ku ji shi, wai Allah gafarta Malam! Mutumin da ya kihe da ni cikin gulbi muna yara, ya tsaya shina dariya ina shan ruwa. Matso nan."

Haladu bai matsa ba. Daga inda yake ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa, tun daga facin har zuwa zaren koma. Liman ya saurara har ƙarshe. Sai ya warware rawaninsa, ya miƙe ƙafa, ya naɗe ta da shi tun daga yatsu. Ya jawo buta ya jiƙa tafin hannu, ya shafa a kan rawanin, daga yatsu zuwa idon sawu, sama da ƙasa.

"Ka gani? Sau guda."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Shina cikin littafi tun kakanninmu ba su zo duniya ba. Wanda duk anka ɗaure ma ciwo, in kwancewa za ta cuce shi, shafa ta isam mai. Sallarka ta yi, ba ragi."

"Ko da ruwa na gabana?"

"Ko cikin kwalekwale kake." Liman ya fara warware rawanin. "Mako shida kana wagga wahala, Haladu, ga ni nan kusa da kai. Mi ya hana ka tambaya?"

Haladu ya dubi tabarma. Dattawan ma kowa ya sami abin kallo, wani carbi, wani bango. Ba wanda bai san amsar ba.

Liman ya ce ya tsaya a yi la'asar tare. Haladu ya ce ya baro wuta a kasko. Ya koma gindin tsamiya, ya yi alwala, da ya zo ƙafar hagu ya jiƙa hannu ya shafa. Ya ji kamar ya yi sata. Amma bai kwance ba.

Mako biyu bayan haka Mas'ud ya ɗaga ledoji wajen taga, ya ce, "Baba, zo ka gani." Sabon zanen ya shige cikin tsohon, da ratar da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba ko ta ina. A gefen mikin wata fata ta fito, ja-ja, siririya kamar bayan albasa. Da mako goma sha biyu suka cika ba a yi maganar takarda ba. Mas'ud ya je ya nemo ƙarin faci. Gyambon ya dawo kamar ƙwan kaza, ya dawo kamar goro, ya dawo kamar ƙwayar gyaɗa. Wari ya ɗauke. Haladu ya fara zuwa masallaci, sahun baya, can gefe, kuma yana riga kowa fita. Mutane suna gaishe shi da fara'a, shi ne bai san abin da ake cewa bayan gaisuwa ba.

A wata na shida Mas'ud ya ɗaga facin bai sami abin zanawa ba. Tabo ne kawai, baƙi, mai sheƙi. Ya ba shi wata doguwar safa mai matsi ya riƙa sawa, ya ce ya riƙa shafa mai, ya kiyayi buguwa.

"Ka warke, Baba. Ƙafarka taka ce. Ba sai ka sake zuwa ba."

Haladu ya yi godiya, ya yi addu'a mai tsawo, har Mas'ud ya ji kunya.

Da mako ya zagayo, ya farka ya sa wankakkiyar riga kafin ya tuna. Ya tsaya a tsakar gida. Sa'an nan ya fita ya tari babur. A asibitin ya zauna a benci ya bi layi, har aka zo kansa.

"A'a, Baba Haladu! Lafiya? Ya buɗe ne?"

"Bai buɗe ba. Na ce dai in kawo ka gani."

Mas'ud ya sunkuya, ya ja safar ƙasa, ya danna tabon da babban yatsa, ya mayar. "Lafiya lau. Ka ci gaba da shafa mai." Ya yi murmushi, amma idonsa na kan ƙofa, inda wata mata ke tsaye da jariri yana kuka, bayanta mutum goma. "A gaida gida, Baba."

"Gida ya ji."

Ya fito rana ba ta ko yi zafi ba. Masu babur suka yi masa magana, har biyu suna rige-rige. Ya ɗaga musu hannu ya wuce. Ya bi hanyar ƙasa, ta gefen fadama, inda ake ta yankan shinkafa. Ba ya sauri. Sau ɗaya ya tsaya ya sha ruwa a wata rijiya. Awa biyu da 'yan kai ya yi, ya iso gida kafin azahar.

Ya zauna a bakin ƙofa ya miƙe ƙafafu. Suna ciwo, amma ciwon gajiya, wanda ya manta yadda yake. Ya matsa ta dama, ya matsa ta hagu, yana neman bambanci, bai samu ba. Ya ɗaga kai ko akwai mai wucewa ya gaya masa daga Gummi yake, kuma a ƙasa. Hanya ba kowa, duk an tafi fadama.